Idan Injin Ƙaramin Jirgi Ya Mutu a Sama: Jagora ga Matuƙan da ke Tashi daga Jos

Ƙaramin jirgi mai inji ɗaya ba ya rikitowa ƙasa don injinsa ya mutu. Fukafukai ne ke riƙe da shi, kuma muddin iska tana ratsa su da gudun da ya dace, jirgin zai ci gaba da jin linzami har ya taɓa ƙasa. Cessna 172, wanda da shi za mu riƙa misali, yana yin gaba kimanin ƙafa 9 a duk ƙafa 1 da ya sauko. Wato duk ƙafa 1,000 na tsayi tana ba ka kusan mil ɗaya da rabi na ruwa, kana saukowa kimanin ƙafa 700 a minti. Da yawa daga cikin waɗanda suka rasa rai bayan mutuwar inji sun rasa shi ne saboda gudun jirgi ya ragu har fiffike ya daina ɗauka, abin da matuƙa ke kira sitol, suna kusa da ƙasa. Wanda ya kai jirginsa ƙasa yana riƙe da shi, a hankali, fukafukai a daidaice, galibi da ƙafarsa yake fita ko da jirgin ya tashi daga aiki.

Alƙaluman da ke nan na samfurin 172N ne. Kowane jirgi da littafinsa, kuma abin da littafin jirginka ya ce shi ne gaba da namu. Jirage masu injin dizal da ke shan Jet A-1, wato kananzir ɗin jirgi, irin wasu jiragen kamfanin Diamond, tsarinsu daban ne ƙwarai.

Abin da tudun Jos ke canzawa

Filin jirgin Yakubu Gowon da ke Heipang yana sama da teku da kimanin ƙafa 4,200. Na Abuja bai wuce ƙafa 1,100 da 'yan kai ba. Wanda ya saba da Abuja ko Zariya, in ya ga 6,500 a ma'aunin tsayi, zuciyarsa takan kwanta. A kan Heipang kuwa wannan lamba tana nufin ƙafa 2,300 kacal tsakaninka da ƙasa: minti uku da 'yan daƙiƙu, da tafiyar da ba ta kai mil uku da rabi ba. Wajen duwatsun Shere, gabas da garin Jos, ƙololuwa ta kai kusan ƙafa 6,000, sai ka ga ba ka da komai a hannu. Saboda haka ka saba wa kanka cire tsayin ƙasa daga abin da agogo ya nuna, duk 'yan mintoci, har ya zama jiki. In za ka Abuja, tafiyar kimanin mil 100 na ruwa ce, kuma hawa zuwa 8,500 ya fi 6,500 nesa ba kusa ba, domin kafin ka wuce gangaren tudun da ke wajen Assop ƙasa tana kusa da kai, kuma gangaren kansa duwatsu ne da kwazazzabai.

Na biyu, iskar tudun ba ta da kauri. A ranar da zafi ya kai digiri 30 a Heipang, jirgi yana jin kamar yana ƙafa 7,000 ne. Injin da ba shi da turbo, na'urar da ke cusa masa ƙarin iska, yana asarar kimanin kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a duk ƙafa 1,000, don haka kusan kashi ɗaya cikin biyar ya tafi tun kana ƙasa, alhali injin lafiyarsa lau. In ka tashi da maɓallin cakuda mai da iska, jan nan, a ture shi ƙurewa yadda ake yi a Legas, mai zai yi wa iska yawa, filogi su yi baƙi, inji ya fara gargada. Littafin Cessna ya ce sama da ƙafa 3,000 a rage cakuda kafin tashi har juyin inji ya kai ƙololuwa. Ka taka birki, ka ba da totur duka, ka jawo jan maɓallin sannu a hankali har allura ta daina hawa, sannan ka mayar da shi ciki kaɗan.

Abin da ke kashe inji

Mai yana cikin manyan dalilai, kuma ta hanyoyi uku. Akwai ƙarewarsa ƙarƙaf. Akwai mai a tanki amma bai isa inji ba, saboda an bar mazaɓin tanki a kan wanda ya ƙare ko hanyar numfashin tanki ta toshe. Sai gurɓataccen mai. Agogon mai na ƙananan jirage ba abin dogaro ba ne, ka hau ka buɗe murfi ka tsoma sandar awo. 172N mai tankunan da aka saba yana ɗaukar galan 40 da ake iya amfani da su, kimanin lita 150, yana shan wajen lita 30 a awa. Ka yi lissafi da agogon hannu, ka kuma ɗaura wa kanka cewa za ka sauka da man awa guda a tanki, domin a ƙasar nan ba kowane fili ake samun Avgas, fetur ɗin ƙananan jirage, ba, kuma hazo ko hadari na iya mayar da kai inda ka fito.

Ruwa a cikin mai babbar matsala ce a Jos. Daren tudun yana da sanyi, tankin da aka bari rabi yana tara gumi a ciki, da damina kuma robar murfin da ta tsufa tana shigar da ruwan sama. Ka tatsi mai daga kowace mazurara cikin kofi mai gani-har-hanji, ka ɗaga shi a haske. Avgas 100LL shuɗi-shuɗi ne. Ruwa ya fi shi nauyi, za ka gan shi ƙwaya-ƙwaya a gindin kofin. Ka kula: in kofin ya fito garau babu launi, yana iya yiwuwa duk ruwa ne ka tatso. In daga duro aka zuba maka, a bar duron ya kwanta tukuna, a zuba ta mazubi mai matacin ruwa, sannan ka jira mintoci kafin ka sake tatsa. In kana shakkar an gauraya da Jet A-1, ɗiga a kan farar takarda: Avgas yana bushewa ba tabo, kananzir ɗin jirgi yana barin maiƙo. Jirgin da ya yi makonni a ajiye, duba bututun numfashin tanki da ke ƙarƙashin fiffiken hagu. Zanzaro yana gina ɗakinsa na laka a ciki, jirgi ya tashi lafiya, bayan wani lokaci mai ya daina gangarowa.

Sai ƙanƙarar kafireta, wadda mutane da yawa ke ɗauka ta ƙasashen sanyi ce. A maƙogwaron kafireta iska tana matsewa, mai yana zama tururi, zafin wurin yana iya faɗuwa da digiri 20 ko fiye. Safiyar Agusta a Jos, digiri 18 da laima ko'ina, ita ce ainihin yanayin da ƙanƙara ke so, musamman in ka rage totur kana saukowa. Alamarta juyin inji ya riƙa raguwa kaɗan-kaɗan ba ka taɓa komai ba, sannan gargada. Ka jawo maɓallin ɗumama kafireta gaba ɗaya. Injin zai ƙara gargada da farko domin yana haɗiye ruwan ƙanƙarar da ta narke, a nan ne masu garaje ke mayar da maɓallin su cuci kansu. Bar shi a jawe har juyi ya dawo. Kuma kada ka jinkirta, zafin daga salansa yake zuwa, inji na mutuwa salansa ta huce, babu sauran abin narkarwa.

Lalacewar ƙarfe kuwa takan yi sallama kafin ta shigo. Matsin baƙin mai ya faɗi, zafinsa kuma ya hau a lokaci guda: wannan inji yana gab da tsayawa, ka nufi fili mafi kusa nan take. In matsi ne kaɗai ya faɗi zafi bai motsa ba, wataƙila agogo ne, duk da haka ka sauka a filin jirgi mafi kusa. A gwajin maganeto, na'urori biyun da ke ba filogi wuta, kafin tashi, a juyin inji 1,700 a minti, faɗuwa kada ta wuce 125 a kowane ɗaya, bambancinsu kada ya wuce 50. In ta wuce, ka rage cakuda ka ƙona dattin filogi ka sake gwadawa. In bai gyaru ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

In ya mutu kana tashi

Wannan ne mafi tsanani, don babu lokacin tunani. Dole a gama tunanin tun a bakin titi, a kuma faɗe shi da baki. Titin Heipang, mai lamba 10/28, tsawonsa kusan mita 3,000 ne, alheri ne babba ga ƙaramin jirgi. Ka fara daga ƙarshensa, kada ka yarda ka shiga daga tsakiya don rage tafiya, titin da ka bari a baya ba zai amfane ka ba. Ka lissafa daga littafi inda ya kamata ka bar ƙasa a zafin ranar, ka sa masa alama da ido. In ka kai wurin jirgi bai nuna zai tashi ba, ko juyin inji bai kai yadda ka saba gani ba, ka rufe totur ka taka birki.

In ka riga ka bar ƙasa, hancin jirgi yana sama, gudu kuma yana zubewa cikin daƙiƙu. Matuƙi kan ɗauki kusan daƙiƙa huɗu kafin ya yarda abin ya faru. Tura linzami gaba, turawa ta gaske har ka ji jikinka ya yi sakayau a kujera, ka kama gudun not 65, wato mil 65 na ruwa a awa. In akwai sauran titi, sauka a kai. In babu, zaɓi wuri mafi dama-dama a gabanka, cikin digiri 30 hagu ko dama.

Zuciya za ta ce ka juya ka koma titi. Juyawar ta wuce digiri 180, domin bayan ka juyo kana gefe da titin, sai ka ƙara karkata ka sake daidaitawa, jimla ta doshi 270. In ka yi ta a hankali za ta ci fiye da minti guda da tsayin da ba ka da shi. In ka matse ta, gudun sitol yana hawa: kashi 19 cikin ɗari a karkatar digiri 45, kashi 41 a digiri 60. Sannan iska za ta koma bayanka. Hukuncinmu shi ne ƙasa da ƙafa 1,000 daga ƙasa, wato kafin agogo ya nuna 5,200 a Heipang, babu maganar juyawa. Sama da haka ma sai wanda ya gwada abin a can sama tare da malamin tuƙi ya san ƙafa nawa jirginsa ke ci.

In ya mutu kana tsakiyar tafiya

Gudu tukuna. Ka riƙe tsayinka har gudu ya sauko zuwa not 65, sannan ka sauke hanci ka murza tirim, abin da ke riƙe hancin jirgi inda ka sa shi, sosai har jirgin ya riƙe gudun da kansa. Tirim ɗin nan shi zai 'yantar da idonka da hannunka. Jawo hanci sama ba ya ƙara nisa, rage shi yake yi. In kana fuskantar iska mai ƙarfi, ƙara kimanin rabin gudunta a kan 65.

Sai wurin sauka. Duba ƙarƙashinka da bayanka ma, ba gaba kaɗai ba. Ga yadda za ka san inda za ka kai: a gilashin gaba, wurin da ke yin sama yana guje maka, ba za ka kai ba. Wanda ke yin ƙasa za ka wuce shi. Wanda ya tsaya cak, nan ne iyakarka. Zaɓi fili da ke cikin iyakar da rata mai yawa, ka juya ka nufe shi yanzu, kafin ka taɓa komai a cikin jirgi. Fili mai dama-dama da ke kusa ya fi kyakkyawa da ke nesa.

Daga sama tudun Jos yana yaudara. Akwai shimfiɗaɗɗun filaye wajen Barikin Ladi, Kuru da hanyar Mangu, amma a cikinsu akwai tsofaffin ramukan kuza da tarin ƙasar da aka haƙe, akwai duwatsun da suka ɓuya a ciyawa, akwai shingen ƙaya tsakanin gonaki. Kududdufan kuza suna da zurfi da gaɓa mai tsayi, kuma jirgi mai tayoyi a waje yana kifewa in ya taɓa ruwa, ka kauce musu. Gonar dankalin Turawa da ta masara suna da kunya. In dole ne, sauka tare da kunyoyin, kada ka gitta su, in ba haka ba tayar gaba za ta kafe jirgi ya wuntsila. Gonar acca da aka girbe ko makiyaya mai gajeriyar ciyawa sun fi. Kore shar da damina sau da yawa fadama ce mai taɓo. Filin ƙwallon makaranta bai wuce mita 100 ba, alhali 172 yana bukatar kusan mita 400 in zai tsallake bishiya ya tsaya, a bakin teku ma ke nan, kuma akwai yara. Kwalta tana jan ido, sai dai faɗin fukafukanka mita 11 ne, ga tireloli, ga 'yan acaɓa, ga turakun wuta. Waya ba ta ganuwa daga sama, turakunta za ka nema, ka ɗauka akwai waya tsakanin kowane biyu.

Iska: da hunturu galibi daga arewa maso gabas take, da damina daga kudu maso yamma. Hayaƙin ƙunar daji da ƙura za su tabbatar maka. A kududdufi, gefen da ruwa ya kwanta luf shi ne inda iska ke fitowa. Ka sauka kana fuskantar ta, domin ƙarfin karo yana ninkuwa huɗu in gudu ya ninka biyu. Amma in fili yana da gangare sosai, sauka kana hawa tudu ko da iska tana bayanka kaɗan.

Yanzu ne, in tsayi ya bari, za ka nemi tayar da inji. Bi da hannu a jere: mazaɓin tanki a kan duka biyu, ɗumama kafireta a jawe, cakuda a ciki, famfon farko, mai fesa mai wajen tayar da inji, a kulle, makulli a kan maganeto biyu, sannan ka gwada hagu da dama ɗaya-ɗaya. In farfela ta tsaya, murza sitata. A Piper PA-28 babu matsayin duka biyu, don haka canza tanki ka kunna famfon lantarki, ka ba shi 'yan daƙiƙu mai ya iso. A tsayin 8,500 turo cakuda ƙurewa na iya shaƙe inji, in bai kama ba ka jawo shi a hankali ka ji. Zagaye ɗaya, in da hali biyu. In ka ji ƙarar karyewar ƙarfe, ko baƙin mai ya wanke gilashi, ko akwai wuta, kada ka gwada tayarwa. Wuta kuwa a rufe mai da cakuda nan take.

Rediyo yana zuwa bayan waɗannan. In kana magana da hasumiyar Jos ko Abuja, tsaya a kan tashar. In ba kowa, koma tashar gaggawa, 121.5. Faɗi Mayday sau uku, lambar jirgi, abin da ya faru, inda kake, mutum nawa ne a ciki. Sa lambar gaggawa 7700 a tiransifonda, na'urar da ke nuna jirginka ga masu kula da zirga-zirgar jirage, kunna na'urar neman agaji ta ELT tun kana sama. Kada ka tsaya amsa dogayen tambayoyi.

Injin da ya rage ƙarfi bai mutu ba ya fi ruɗarwa, domin yana sa rai. Ka ɗauka zai tsaya kowane lokaci. In yana riƙe tsayi, nufi filin jirgi mafi kusa ta hanyar da ke bin saman filaye, kada ka sauko sai titi yana ƙarƙashin fiffikenka. In ba ya riƙewa, yi amfani da ragowar ƙarfin ka kai kyakkyawan fili ka sauka da niyya, ya fi ka lallaɓa shi har ya mutu a kan Bukuru ko tsakiyar Jos.

Minti biyu na ƙarshe

Burinka ka kasance ƙafa 1,000 sama da ƙasa, daura da inda za ka taɓa, kana tafiya iska na bayanka, filin yana kusa a gefenka. In ka iso da tsayi fiye da haka, yi zagaye a kan filin, kada ka yi nisa da shi. Ka auna taɓa ƙasa a kashi ɗaya cikin uku na tsawon filin, ba a bakinsa ba. Tsayin da ya yi yawa ana zubar da shi da filaf, ɓangaren bayan fiffike da ake saukewa, ko da goce jirgi gefe, wanda ya gaza kuwa ba shi da magani, kuma gara ka bugi shingen ƙarshe kana gudun keke da ka bugi na farko kana gudun tashi. Kada ka sauke filaf duka sai ka tabbata filin ya shiga hannu. Da filaf a ƙasa, not 60.

Ga tarkon tudu: a iskar da ke kamar ƙafa 7,000, in agogo ya nuna 65 ainihin gudunka ya kai kusan 72. Za ka ga ƙasa tana wucewa da sauri fiye da yadda ka saba, hannu zai so ya ja hanci. Bi agogo.

Rufe cakuda, rufe mazaɓin tanki, kashe makulli. Babban makunnin lantarki shi ne na ƙarshe, domin filaf ɗin 172 da lantarki yake aiki. Buɗe sakatar ƙofofi kafin taɓawa, ka cusa riga ko takalmi a tsakani, saboda in jikin jirgi ya lanƙwashe ƙofa tana maƙalewa. Fasinja ka yi masa magana gajere da murya a kwance: "Alhaji, ja bel ɗin kafaɗa ya matse sosai, cire tabarau, janye ƙafa daga feda, in mun tsaya ka fita ta bayan jirgi." Wannan bayani tun a ƙasa ya kamata ya fara jin sa.

Taɓa da manyan tayoyi, hanci a sama, da mafi ƙarancin gudu, linzami a jawe har jirgi ya tsaya. In akwai abin da ba makawa sai an buga, a ba shi fiffike: ratsa tsakanin bishiyoyi biyu, fukafukai su sha dukan, ɗakin da kuke ciki ya wuce. Jikin mutum da ke ɗaure da bel yana jure tsayawa daga not 45 cikin 'yan mitoci, muddin tsayawar ba a kan dutse ko gindin bishiya take kai tsaye ba. Dawa ko masara da ta yi tsayi, ɗauki samanta a matsayin ƙasa.

Bayan an tsaya

Kowa ya fita, a matsa nesa ta inda iska ke fitowa, a duba jini da karaya. Cikin mintoci jama'a za su taru, kuma hatsari na biyu ke nan. Avgas yana kama wuta da sauri kuma akwai dalma a cikinsa, kada a bar kowa ya zo da jarka ko taba sigari. Kada a taɓa farfela, in wayar maganeto ta tsinke tana iya tashi da juyi ɗaya. Nemi dattijon wurin: "Baba, don Allah a taimaka a janye yara, man nan wuta ne." Mai unguwa ko dagaci zai fi ka iya tsare wurin kafin 'yan sanda su iso, kuma ta hannunsa za a yi maganar ɓarnar gona da mai ita.

Kira 112, ka kuma sanar da hasumiya ta waya cewa kun sauka da halin da kuke ciki. Bar ELT a kunne har masu agaji su same ku. Kada a ja jirgin ko a kwance wani abu a jikinsa sai hukumar binciken haɗurra ta NSIB ta ba da izini, sai dai don ceton rai. Ɗauki hotunan maɓallai da mazaɓin tanki yadda suke, ka rubuta abin da ka gani a agogo tun kana tune da shi. Ko jirgin bai ƙwarzane ba, kada ka yi yunƙurin tashi daga gonar kafin injiniya mai lasisi ya gano dalilin mutuwar injin.

Duk wannan sai da atisaye. Duk 'yan watanni ka ɗauki malamin tuƙi, ku hau ƙafa 3,000 sama da ƙasa a yankin da hasumiya ta amince, ya rufe totur ba tare da ya gaya maka ba. A jawo ɗumama kafireta, a riƙa ba inji wuta na 'yan daƙiƙu duk ƙafa 500 don kada ya huce ya ƙi amsawa, a kuma fasa saukar a ƙafa 500 sama da ƙasa. Ku yi shi da hunturu, ku sake da damina, domin gonar da ta dace a Janairu tana iya zama kunyoyin dankali ko taɓo a Yuli.